Yadda Ake Gina Bene Mai Hawa Da Yawa A Bakin Titi: Daga Takardar Fili Zuwa Karɓar Makulli

Tambayar da ta fi yi mini yawa a 'yan watannin nan ita ce: "Injiniya, ina da fili a bakin titi, ina so in ɗora bene hawa shida ko takwas, ƙasa shaguna, sama ofisoshi ko gidajen haya. Ta ina zan fara?" Yawancin masu tambayar sun taɓa gina gida, wasu ma gidaje, shi ya sa suke ɗauka aikin ɗaya ne, bulo da siminti kawai za a ƙara. Ba haka ba ne. Gidan ƙasa in aka yi masa kuskure tsagewa yake yi, a kira birkila ya ɗinke. Bene mai hawa takwas kuwa, kuskuren da aka binne a cikin kankarensa ba ya nuna kansa sai ranar da ya sauko, kuma a bakin titi ba a kan masu shi kaɗai yake saukowa ba, har da mai shayi da ɗan adaidaita da yaran da ke wucewa makaranta.

Ga matakan a jerin da ya kamata a bi su. Misalaina na Kano ne, amma tsarin bai sha bamban da na Kaduna ko Abuja ba, sunayen hukumomi ne kawai ke canzawa.

1. Tsayar da adadin hawa

Kafin ka kira kowa, ka zauna ka yanke hawa nawa kake so, da abin da za a yi a kowane hawa. Wannan lambar ita ce uwar komai: zurfin fandisho, kaurin fila, girman rodi, yawan lif, duk daga gare ta ake lissafa su. Amfanin hawa ma yana da nauyinsa. Ɗakin kwana daban, ofis daban, sito da za a jibge katon-katon na kaya ko diloli na atamfa daban.

Idan kuɗinka na hawa huɗu ne yanzu amma zuciyarka na kan takwas, ka faɗa tun yau. A yi zanen takwas, a zuba fandishon takwas, a gina huɗu a rufe, sauran su jira.

Gargaɗi: kada ka ƙara hawa ko ɗaya a kan abin da aka zana. "Ai fandishon da ƙarfi, zai ɗauka" magana ce da ta kashe mutane da yawa.

2. Takardun fili

Ka je KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a Kano, da ma'aikatar filaye da ƙafarka, ko ka tura lauyanka, a binciko fayil ɗin filin. A Kaduna KADGIS ne, a Abuja AGIS. Abu uku za ka duba: sunan da ke kan shaidar mallaka, ko an jinginar da filin a banki, da amfanin da aka ware masa. Fili da yawa na bakin titi a takarda na gidan zama ne. In kasuwanci za ka yi a kai, sai ka nemi a sauya masa amfani a hukumance kafin ka kashe ko sisi a zane. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sayen filin da ke da shaidar mallaka bai cika ba sai da amincewar gwamna, don haka takardar dillali da sa hannun shaidu ba su isa ba.

Ka tambayi tarihin wurin. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya san filin da asalinsa na hukuma ne, ko na makaranta, ko na masallacin idi, yana iya zama rigima ko da takarda a hannu. Daga nan safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya nuna maka inda haƙƙin titi da magudanar ruwa da layin wutar lantarki suka tsaya.

3. Haɗa ƙwararru

Mutum shida ne aƙalla, kuma kowa da hukumar da ke yi masa rajista. Mai zanen gini, ARCON. Injiniyan da zai lissafa ƙarfin gini, da injiniyoyin wuta da ruwa, COREN. Mai ƙididdigar kaya da kuɗi, QSRBN. Maginin da zai riƙe wurin aiki kullum, CORBON. Ka nemi lambar rajistar kowa, ka tabbatar da ita a wurin hukumarsa. Wanda ya ɓata rai don ka tambaya, ka sallame shi.

A nan ne masu gini suka fi ƙoƙarin rage kuɗi, kuma a nan ne ragin ya fi tsada. Akwai tsofaffin magina da hannunsu ya faɗa, na yi aiki da su, na kuma koyi abubuwa a wurinsu. Amma daɗewa a aiki ba ya gaya wa mutum rodi nawa filar ƙasa ke bukata idan hawa bakwai na zaune a kanta. Wannan lissafi ne, kuma dole a samu wanda zai sa hatiminsa a kai ya ɗauki alhakinsa.

Gargaɗi: injiniyan da zai duba maka aiki kai za ka ɗauke shi, kai za ka biya shi. Idan ɗan kwangila ne ke biyansa, to ba ka da mai dubawa.

4. Gwajin ƙasa

Ana zuwa da injin haƙa a yi ramuka uku ko fiye a sassan filin, a riƙa ɗebo ƙasa daga zurfi daban-daban, a gwada taurinta a wurin, a kai saura ɗakin gwaji. Rahoton zai faɗi nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka, da zurfin da ruwa yake, da irin fandishon da ya dace: ko kowace fila da tata ƙafar, ko a shimfiɗa faifan kankare guda ɗaya a ƙarƙashin ginin duka, ko a kafa turaku masu zurfi har su taka ƙasa mai ƙarfi.

A Kano wannan mataki yana da dalili na musamman, wato kududdufi. Kakanninmu sun haƙi ƙasar gini a cikin gari shekaru aru-aru, ramukan suka zama kududdufai, daga baya aka cike da yawansu da shara da ɓaraguzai, aka yanka aka sayar. Daga sama fili ne sumul. Na taɓa tsayawa a kan wani irinsa, injin ya nutsa mita huɗu abin da ke fitowa baƙar laka ce mai wari, da leda, da tsohon takalmin roba. Mai filin ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, domin an cike wurin tun yana yaro. Wani dattijo mai sayar da goro a tsallaken titi ne ya ce mana a nan suke kamun kifi da damina. Tun daga ranar, duk filin da na je sai na nemi tsohon unguwa mun gaisa.

A sassan Gombe da Adamawa da Borno matsalar baƙar ƙasa ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ita ma gwaji ne ke tona ta.

Gargaɗi: kada ka ari rahoton maƙwabci. Tsakanin fili da fili ƙasa tana canzawa.

5. Zane

Mai zanen gini ne ke farawa, injiniya ya bi da lissafin fila da bim (kankaren da ke kwance tsakanin fila da fila) da dakin (shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa) bisa rahoton ƙasa, sannan na wuta da na ruwa su ɗora nasu. Kafin a rufe zane, a tara su a teburi ɗaya a gwada takardunsu, don kada bututun bayan gida ya zo ya ci karo da bim.

Abubuwan da nake dagewa a kansu:

Rana. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Bangon gilashi da ke kallon yamma yana da kyau a hoto, amma bayan azahar tanda ne, kuma mai haya zai ƙare a kuɗin dizal na sanyaya ɗaki. In filin ya ba da dama, manyan tagogi su kalli kudu da arewa. In titin yana yamma, a yi wa tagogin rumfa ko baranda mai zurfi. A kuma tuna da ƙurar hunturu: wa zai wanke gilashin hawa na bakwai, kuma ta ina zai hau?

Maƙwabta. Daga hawa na uku kana ganin tsakar gidan mutane, inda iyali ke girki da wanki ba mayafi. Wannan haƙƙi ne, kuma shi ne ya fi kai masu bene gaban mai unguwa ko kotu. A ɗaga tagogin wannan ɓangare sama da tsayin ido, ko a sa gilashi mai duhu, ko a mayar da matakala da banɗaki can.

Matakala biyu, nesa da juna, masu ƙofofin da ke tare hayaƙi. In gobara ta tashi ba a shiga lif, kuma matakala ɗaya in ta cika da hayaƙi mutanen sama ba su da mafita.

Wurin ajiye motoci. Kowa yana so ya cinye filin da shaguna har bakin kwalta. Hukuma ba za ta yarda ba, kuma masu haya na kirki ba sa zama inda baƙonsu ba shi da wurin tsayawa.

Tankin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 10,000 tan goma ne a kan rufi. Injiniya ya san da shi tun a zane, haka ma faifan sola da janareta idan a sama za su zauna.

6. Izinin gini

Hukumar tsara birane ce ke ba da izini: a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine na birnin tarayya. Za ka kai shaidar mallaka, zanen safiyo, zane-zanen ƙwararru da hatiminsu, lissafin injiniya, rahoton ƙasa da shaidar biyan haraji. Ga babban gini akan nemi rahoton tasirinsa ga muhalli da amincewar hukumar kashe gobara. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano a cikin gari yake, don haka in filinka na kusa da shi ko a kan hanyar saukar jirage, sai hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta amince da tsayin ginin, har da na ƙugiyar ɗaga kaya.

Ka biya kuɗin hukuma ta banki, ka riƙe rasit. Ka ajiye kwafin zanen da aka amince da shi a wurin aiki.

Gargaɗi: kada ka fara tono da sunan "takarda na hanya". Jan fenti a bango ya fi zafi bayan ka zuba dakin biyu.

7. Lissafin kuɗi da kwangila

Farashin siminti da rodi yana motsi kusan kowane wata, don haka duk wanda ya ba ka kuɗin bene a baki, a tsaye, cinta ya yi. Mai ƙididdiga zai bi zane layi-layi ya fitar da yawan kowane kaya, sai a ɗora farashin ranar. Da wannan takarda za ka nemi tayin 'yan kwangila uku ko huɗu, ka kuma je ka ga benayen da suka gina, ka yi magana da masu su.

Ga ɗan misali don ka ji nauyin abin. Dakin mai tsawon mita 20, faɗin mita 15, kauri santimita 15, yana cin kankare kubik mita 45. Kowace mita ɗaya tana shan kusan buhu bakwai na siminti mai kilo 50, wato buhu 300 da ɗoriya a dakin ɗaya, ban da bim da fila da matakala. Nauyin wannan dakin kaɗai ya haura tan 100. Ka ninka da takwas.

Ka ware kashi goma cikin ɗari na jimillar kuɗin don abin da ba a zata ba. Kada ka manta da abubuwan da ba a gani a hoton gini amma suke cin kuɗi sosai: lif, taransifoma da haɗin wutar KEDCO, janareta, rijiyar burtsatse, famfunan tura ruwa sama, kayan kashe gobara. Mutane da yawa sun kai rufi, aljihu ya ƙare, gini ya tsaya shekaru rodi na tsatsa a sama.

A rubuta kwangila. Biya ya zama mataki-mataki, bayan injiniyanka ya duba ya sa hannu. In za ka ba da kafin alƙalami mai yawa, ka nemi takardar lamuni daga bankin ɗan kwangila. A riƙa riƙe kashi biyar cikin ɗari na kowane biya har sai an gama an ga lafiyar aiki. Inshorar wurin aiki kuma ba zaɓi ba ce: tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta ta ga ginin da ya haura hawa biyu.

Gargaɗi: tayin da ya fi kowane araha da nisa, daga rodi da siminti za a fanshe ragin.

8. Shirya wuri da tonon fandisho

A kewaye wurin da kwano, a yi wa masu tafiya a ƙasa rufaffiyar hanya, a kafa allon da ke ɗauke da lambar izini da sunayen ƙwararru. Ka gaisa da mai unguwa da maƙwabta, ka ɗauki hoton bangonsu kafin a fara tono, don gudun musu idan tsaga ta fito. Ka tsara lokacin da tifa da tirela za su riƙa shigowa, da asuba ko da dare, kada yashi ya toshe kwata.

In da hali a yi tono da rani. Rami mai zurfi a watan Agusta tafki ne, gefensa kuma yana zaftarewa. Inda ramin ya matso katangar maƙwabci, a tokare ƙasar kafin a ci gaba. Injiniya ya ga ƙasan ramin da idonsa ya tabbatar ita ce ƙasar da rahoto ya faɗa, sannan a zuba.

9. Rodi, kankare da dakin

Wannan shi ne ginin. Saura duk sutura ce.

Rodi. Ana sayar da shi a tsawon mita 12, da kauri iri-iri: milimita 10, 12, 16, 20, 25. A kasuwa akwai wanda ake kira 16 amma in ka sa ma'auni bai kai ba. Ka sayi ɗan ma'aunin kauri, ba shi da tsada. Daga kowace mota a yanki guntaye a kai ɗakin gwaji, a ja su a ga ƙarfinsu, kafin a fara ɗauri. Bayan an ɗaure, injiniya ya ƙirga rodin kowace fila da kowane bim, ya auna tazarar zobba da tsawon haɗi. A sa ƙananan guntayen kankare a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako, domin rodin da bai samu rufin kankare ba tsatsa yake yi ya fasa gini daga ciki. Ka ɗauki hoton komai. Da zarar an zuba, babu mai sake ganinsa.

Kankare. Zane zai faɗi ƙarfin da ake so, galibi 25 ko 30 ko sama. Yashi ya zama mai kaifi marar laka, tsakuwa ta dutse ce da aka fasa, siminti kuma sabo, wanda bai yi ƙulalai ba, mai lamba 42.5 in injiniya bai ce wani abu daban ba. Ga bene irin wannan na fi son kankaren da aka haɗa a ma'aikata aka kawo a mota, a tura shi sama da famfo. In a wurin za a haɗa, a yi da inji da akwatin awo, ba da shebur da ido ba.

Babban abokin gabar kankare shi ne ruwa. Leburan da ya hau matakala sau hamsin da kwano a ka yana son kwaɓin ya yi ruwa-ruwa don ya zuba da sauƙi, kuma ban ga laifinsa ba, gajiya ce. Amma duk bokitin da aka ƙara ƙarfi ne ya ragu. A sa mutum ɗaya amintacce ya tsaya a bakin inji ba ya motsawa. A kuma yi amfani da injin girgiza mai kamar sanda, a tsoma shi ko'ina, don kada a kwance katako a tarar da fila kamar saƙar zuma.

A kowane zubi a cika ƙananan akwatuna masu faɗin santimita 15, a rubuta musu kwanan wata, a jiƙa su, a kai a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana bakwai ya kamata ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake nema. In bai kai ba, a tsayar da aiki a bincika.

Shayarwa. Da zafi a yi zubi da sassafe ko da dare. Bayan ya kama, a rufe shi da buhunan algarara a riƙa jiƙawa aƙalla kwana bakwai. Iskar hunturu ma tana busar da kankare kamar rana, ko da mutane na jin sanyi.

Kwance katako. Gefen fila ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu. Turakun da ke tokare da dakin kuwa sai sun yi mako biyu, na bim mako uku, kuma da izinin injiniya. Ko an cire, a mayar da wasu yayin da ake zuba hawan sama, domin sabon dakin yana ɗauke da nauyin wanda ake zubawa a kansa.

Gargaɗi: a nan ne gaggawa ke kisa. Mai gini yana so a gama kafin Sallah, kafinta yana so ya kwashe katakonsa zuwa hawa na gaba, sai a cire turaku a kwana biyar a jibge bulo dubu a tsakiyar dakin. Benen da ya rufta a titin Beirut na Kano a watan Agustan 2022 hawa uku ne kawai, ana kan gina shi. Na Ikoyi a Legas, ranar 1 ga Nuwamban 2021, hawa 21 ne, ya kashe mutum fiye da 40, yawancinsu ma'aikata. Idan injiniyanka ya ce a tsaya, a tsaya. Idan ya ce ya janye daga aikin, kada ka nemi wani mai sauƙin kai, ka nemi sanin abin da ya gani.

Kowane ma'aikaci da hular kwano da takalmi, na gefen bene da igiyar ɗaure ƙugu, a kuma rataya raga ta ɓangaren titi. Guntun bulo daga hawa na shida ya isa ya kashe mutum.

10. Bulo, wuta, ruwa da lif

A irin wannan gini bulo ba ya ɗaukar nauyi, raba ɗakuna kawai yake yi, amma shi kansa nauyi ne. Kada a ƙara bango inda zane bai nuna ba. Bututun wuta da na ruwa a sa su kafin zubi, a inda aka tsara. Mai wayarin ko mai famfo da ya ɗauko guduma zai fasa bim ko fila don ya wuce da bututu, a hana shi nan take.

A gwada bututun ruwa da matsi kafin a rufe su da filasta da tayil. A cika rufin da ruwa a bar shi kwana biyu a ga ko zai yi yoyo. A sa kariyar tsawa a kai ta ƙasa yadda ya kamata. Lif kuwa a zaɓi kamfaninsa tun kafin a zuba raminsa, domin kowane da awonsa, a tabbatar suna da masu gyara a kusa, kuma yana da batirin da zai kai shi hawa mafi kusa ya buɗe idan an ɗauke wuta.

11. Karɓar gini

Ka zagaya da ƙwararrunka hawa-hawa, a rubuta duk abin da bai yi ba, daga ƙofar da ba ta rufuwa zuwa famfon da ke ɗiga. A kunna famfon kashe gobara a gani, a kashe wuta a ga ko fitilun matakala za su kama. Ka nemi hukuma ta zo ta duba ta ba ka takardar shaidar kammalawa kafin mai haya na farko ya shiga, ka yi wa ginin inshora.

Ka karɓi zanen ginin kamar yadda aka gina shi a zahiri, da sakamakon gwajin rodi da kankare, da takardun garantin lif da janareta, ka adana su tare da shaidar mallaka. Rabin kuɗin da ka riƙe za ka saki yanzu. Ragowar sai bayan wata shida, ko abin da kwangila ta faɗa, kuma in ka samu dama ka sa wa'adin ya haɗa da damina guda, domin ruwan Agusta ne ke nuna inda rufi da tagogi ke yoyo.